Wa Zai Gaya wa Ladan?

Ƙofar Dumi, Bauchi
Farkon Shawwal

Taubashiyata Yagana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da majinyatanki na Ibadan. Barka da salla, ko da yake gaisuwar ta makara kamar wutar unguwarmu. Mu nan lafiya muke, ban da gwiwata ta hagu da ta riga ni gajiya da duniya. Da hannu na rubuta, 'yata Fatimatuzzahra za ta ɗauki hoton takardar ta tura miki. Kin san ni da saƙon murya ba ma ga maciji.

Maganar mahaifinki ce. Jikin Kawu kalau, yana cin tuwonsa, yana watsa wa tantabarunsa gero. Lokaci ne ya fara kuɓuce masa. Kafin azumi ya kira La'asar sau biyu a rana ɗaya, muka ce ƙarin lada ne. Wata rana da Azahar, rana tsaka, ya sanar da unguwa ta lasifika cewa salla ta fi barci. Aka yi dariya, don gaskiya wasunmu barcin muke yi. Amma a goman tsakiya na azumi ya kira Magariba alhali rana tana nan jawur a kan tankin ruwa. Tsofaffin da shekara da shekaru ba su da agogo sai muryarsa suka kai dabino baki. Rabin layinmu sai da suka rama azumin. Daga ranar aka daina dariya.

Shekaranjiya Liman Mahfuz ya zo mini. Ya tambayi lafiyar kowa har da akuya, sannan ya ce jama'a suna ganin ya kamata Ladan ya huta. Na ce to, a gaya masa. Ya ce, "Malam Mijinyawa, mutumin nan shi ya yi mini kiran salla a kunne ranar da aka haife ni. Da wane baki zan ce ya ajiye makullin masallaci?" Duk dattijon da aka taɓa, amsarsa ke nan. Ƙannenki maza kuwa, da na ɗauko zancen sai kowa ya tuna yana da aiki a kasuwar Wunti. A ƙarshe aka ce ai ɗan 'yar'uwa yana da sakin baki wurin kawunsa wanda ɗan cikinsa ba shi da shi. Dama tun ina yaro nake ɗauke masa hula in gudu. Ashe wasan da na yi a lokacin, yanzu za a ce in biya.

Ke ce babbar 'yarsa, kuma ke ce mai gaya wa mutane labari marar daɗi a asibiti kullum. Ki kira shi. Ni dai da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Naki,
Mijinyawa

*

Ibadan
Tsakiyar Shawwal

Yaya Mijinyawa,

Na samu takardarka, na gode. Ina lafiya, sai dai aiki. Mu uku ne a ɗakin da ya kamata a ce mu takwas ne. Ka riƙa sa wa gwiwar ruwan ɗumi, kuma ka rage kilishi, ko da yake na san da bango nake magana.

Na karanta sau biyu. Karo na farko na yi dariya, karo na biyu na shiga ɗakin ajiyar magani na rufe ƙofa.

Ba zan iya kiransa ba, kuma ka sani. Kunnensa ya yi nauyi. A waya sai na ɗaga murya kafin ya ji gaisuwa. So kake in tsaya a barandar asibiti ina kwarara wa ubana ihu cewa ya tsufa? Kuma waɗanda nake gaya wa labari marar daɗi ba su ne suka goya ni zuwa makarantar allo ba.

Shugabarmu a nan tana da wata magana ta Turawa da take mana duk lokacin da muke jan ƙafa a kan aikin da ba ma so. Cewa take, ku ciji harsashi. Ban taɓa tambayarta dalilin harsashin ba, na dai gane tana nufin a daure a yi. Kai da ka ƙare ƙuruciyarka kana koyar da Turanci a sakandare, ai ka fi ni sanin kanta. To Malam Bature, ka ciji harsashin nan. Gidanka da gidansa katanga ɗaya ce.

Ka yi kafin wani yaro ya yi masa ihu a hanya. Abin da nake tsoro ke nan. Baba zai iya ɗaukar magana daga na gida, ba zai iya ɗaukar dariyar bare ba.

Ƙanwarka,
Yagana

*

Ƙofar Dumi
Ƙarshen Shawwal

Taubashiya,

Ina gaishe ki da gaisuwar wanda aka ci wa mutunci da darasinsa. Gwiwa tana nan. Kilishi ma yana nan. An yi yayyafin farko, garin ya ɗan yi numfashi.

Tun da kin taɓo inda na fi ƙarfi, bari ki ji. Littattafai sun ce a yaƙe-yaƙen da, kafin a samu allurar kashe zafi, idan za a yanke wa soja ƙafa sai a sa masa harsashin darma a baki ya ciza, don kada ya datse harshensa ko ya tada hankalin sansani. Wasu masana sun ce ba a taɓa yin haka ba, labari ne ya yi daɗin faɗa. Mu da muke da maɗaci ba mu buƙaci bindiga ba, rintse ido muke mu haɗiye. Amma Bature ko haƙuri zai yi sai ya haɗa da kayan yaƙi.

Don in tabbatar, na hau acaɓa har Shadawanka wurin Job, abokina tun firamare. Kin tuna shi, dogon nan ɗan Tafawa Ɓalewa da ya shiga soja. Ya yi ritaya, yana gyaran rediyo a bakin bariki. Na tambaye shi. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, duk zamana a soja ban ga wanda ya ci harsashi ba. Harsashi ne yake cin mutum." Matarsa Matta ta kawo mana kunun gyaɗa, ta ce, "Wannan abokin naka in ya zo da tambayar littafi, wani aiki yake gudu." Matar ba ta da kirki ko kaɗan, shi ya sa nake son zuwa gidan.

Kada ki ce ban gwada ba. Na shiga wurin Kawu da niyya, na fito da labarin wata tantabara da ta ƙi kwanci. Na koma, muka yi tarihin rijiyar masallaci. Na sake komawa, har na ce, "Kawu, akwai wata magana." Ya gyara zama ya ce, "Aure za ka ƙara?" Ya yi ta dariya har da tari. Ki gaya mini, wa zai soke mutum yana cikin dariya?

Amma ki kwantar da hankalinki. An samu mafita, Job ya taimaka da ɗan abin da ya iya. Unguwa ta huta, babu wanda zai sake shan ruwa da rana, kuma Kawu yana cikin walwalarsa. Ba kowane harsashi ake cizo ba, taubashiya. Wani kaucewa ake yi.

Naki,
Mijinyawa

*

Ibadan
Zulƙida

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya. Ba ni da lokacin doguwar gaisuwa, ka yafe ni.

Da na karanta cewa an samu mafita kuma unguwa ta huta, na ɗauka ka gaya masa. Na bar shi ya ɗan huce, jiya na kira don in ba shi haƙuri. Na ɗaga murya na ce, "Baba, sannu da hutawa. Allah ya saka maka da aikin da ka yi wa masallaci." Ya ce, "Wace hutawa? Yanzu na dawo daga kiran La'asar." Na ce layi ne ba kyau. Sannan ya ce, "Yagana, wa ya ce miki na huta?"

Me ka yi? Wace mafita ce wannan? Na kira wayarka ba ka ɗauka. Ka amsa mini, kuma don Allah ban da tarihin Turawa.

Yagana

*

Ƙofar Dumi
Ƙarshen Zulƙida

Yagana,

Gaisuwa. Na ga kiranki duka, ina kallon wayar tana kuka har ta gaji. Kafin komai: Kawu yana gida, yana cin abinci. Hannunsa na dama ne ya karye a wuyan hannu, an yi ɗori, kuma na kai shi an ɗauki hoto don na san za ki tambaya. Ƙashin ya zauna.

Ga mafitar tawa. Na sa Job ya haɗa mini ɗan maɓalli, na maƙala shi a wayar lasifika ta bayan masallaci. Kawu ya buɗe akwatinsa da makullinsa, ya kunna na'ura, fitila ta kama, ya yi kiransa, amma muryar ba ta wuce bango. Jama'a suna jin kira daga masallacin layin baya. Shi kuma da nauyin kunnensa bai lura ba. Job bai so ba. Ya ce, "Ni ban taɓa kashe wa mutum murya a ɗakin ibadarsa ba. In limaminku ya yarda, kai ka ɗaura da hannunka." Liman ya yarda ta hanyar kallon silin. Na ɗaura da hannuna, ina jin kaina mai hikima.

Bayan wayarki, Kawu ya fita ya tambayi tsohuwar nan mai ƙosai ko tana jin kiransa. Ita ba a sa ta cikin shawara ba, ta ce, "Ladan, ai na ɗauka ba ka da lafiya. An kwana biyu ban ji ka ba." Sai ya yanke cewa na'ura ce ta lalace, kuma an bar unguwa ba kira saboda sakacinsa. Kin san tsohuwar matakalar ƙasa da ke jikin masallaci, wadda ake hawa kafin zuwan lasifika? An yi ruwa ranar. Ya hau ta da La'asar, ya toshe kunne, ya yi kira da muryarsa tsirara. A kan lokaci, Yagana, ba kuskuren harafi ɗaya. Masu shaguna suka fito suna kallo. Wajen saukowa ƙafa ta zame.

Da mai ɗori zai ja hannun, Kawu ya kama gefen rawaninsa ya sa a baki ya danne da haƙoran da suka rage. Ko uhum bai ce ba.

Washegari na same shi a zaure. Ban zauna ba, don na san in na zauna za mu koma kan tantabara. Na durƙusa kusa da kunnensa na ce, "Kawu, na'urar ba ta lalace ba. Ni na kashe ta."

Ya ce, "Kai?"

Na ce, "Ni. Lokaci yana rikice maka. A azumi ka kira Magariba da rana, mutane suka sha ruwa. Ya kamata ka ajiye."

Sai na ga ya lalubo gefen rawanin nan da hannun hagu, ya mayar da shi baki. Na tsaya ina kallo, ni da na rubuta miki shafi guda a kan maganar Turawa. Duk tsawon watannin nan ina tausayin haƙorana, ina cewa ni aka ba harsashi. Mai yanka ba ya cizon komai, Yagana. Wanda ake yanka shi ke cizo. Ni wuƙa ce kawai a hannuna, kuma na yi ta jan ta a hankali don kada ni in ji zafi.

Da ya saki rawanin ya ce, "Sun rama azumin?"

Na ce sun rama.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Liman ne ya aiko ka?"

Na ce, "Ya roƙe ni. Amma ni ma na gani da idona."

Ya ce, "Gara da ya zama kai." Ya ciro igiyar makullin daga wuyansa ya sa mini a hannu. Sannan ya ce, "Ranar da aka haife ka ni na yi maka kira a kunne. Ka yi ta tsala ihu har na gama. Tun ranar na san ba ka son muryata."

Malam Mudathir mai ɗinki ne yake kira yanzu, shi na ba makullin. Muryarsa kamar ana jan buhu a kan siminti, amma yana da agogo.

Ki zage ni, kina da dama.

Mijinyawa

*

Ibadan
Farkon Zulhajji

Yaya Mijinyawa,

Ina gaishe ka da jinya. Na yi niyyar zaginka, har na tsara kalmomin a hanyar zuwa aiki, sai na tuna ni ce na yi wayar. Mu raba laifin, kai ka ɗauki babban kashi tun da ka girme ni.

Na nuna wa likitan ƙashi hoton hannun, ya ce ba laifi, amma kada a matse ɗaurin. In yatsun suka kumbura ko suka yi sanyi, a kai shi asibiti a take, kada a jira shawarar dattawa.

Ban samu hutun layya ba. Sai bayan salla, in Allah ya yarda.

Na gode, Yaya. Na san ba ƙaramin abu ka yi ba. Ko ba komai an gama, an wuce wurin. Yanzu sai ka huta, shi ma ya huta. Ka shafa mini kan tantabarun.

Ƙanwarka,
Yagana

*

Ƙofar Dumi
Bayan layya

Taubashiyata,

Barka da salla. Mun yi layya lafiya, an ajiye miki soyayyen nama a tukunyar da Fatimatuzzahra ta ɓoye mini. Yatsun Kawu ba su kumbura ba. Gwiwar dama ta bi sawun 'yar'uwarta.

Kin ce an gama. Na jinkirta amsa don ban san yadda zan ƙaryata ki ba.

Kwana ɗaya bayan na gaya masa, ana gab da Azahar, na ji motsi ta katanga. Na leƙa na tarar ya sa hula, ya naɗa rawani da hannu ɗaya, yana birkita shimfiɗa. Ya ce, "Mijinyawa, makullin masallaci ya ɓata. Lokaci zai fita." Babu abin da ya rage a kansa na maganarmu. Ya san hannunsa ya karye, bai san dalili ba.

Na bi hanyata ta kullum, na yi ƙarya. Na ce ai an riga an kira, barci ne ya ɗauke shi. Yagana, ban taɓa ganin hawayen Kawu ba sai ranar. Ya yi ta istigfari yana cewa amana aka ba shi ya kwanta barci, kuma ya zubar da makullin jama'a. Ya ƙi cin abinci har yamma.

Washegari da ya sake tashi nema, na durƙusa na gaya masa gaskiya daga farko. Ya kama rawani ya ciza. Ya tambaya ko sun rama azumin. Ya tambaya ko Liman ne ya aiko ni. Ya ce gara da ya zama ni. Sai ya kai hannu wuyansa don ya ba ni makullin, ya ji wayam, hankalinsa ya sake tashi.

Don haka na je wurin Malam Mudathir na sa aka yanka masa wani makullin, na karɓo na asali. Kullum da yamma, in Kawu yana wurin tantabaru, sai in rataye shi a ƙusar da ke kan gadonsa. Da safe ya gan shi ya sa a wuya, hankali kwance. Da Asuba ba ya farkawa yanzu, maganin da aka ba shi yana da nauyi. Azahar ce tamu. In ya fito zai nufi masallaci sai ya same ni a zaure. In gaya masa, ya ciza, ya tambaya, ya ciro makullin da hannunsa ya ba ni. Ya yi mini barkwancin ihun da na yi ranar haihuwata, ni kuma in yi dariya, kuma abin mamaki dariyar gaske ce. Sannan mu tafi tare mu tsaya a sahun farko. Da La'asar galibi yana tunawa. Kafin gari ya waye maganar ta goge.

Na ba Job labari. Ya ci gaba da hura ƙurar wata rediyo. Matta ce ta ce, "To ai yanzu ka samu aiki." Na duba littattafaina, duk inda Turawa suka yi maganar harsashin nan sun ɗauka sau ɗaya ake yi, a yanke, a ɗinke, a tafi gida. Babu wanda ya rubuta abin da ake yi idan ƙafar tana tsirowa kowace safiya.

Idan kin zo kada ki ce za ki karɓe ni. Ya ce gara da ya zama ni, kuma yana sake faɗa kullum, ba zan iya cewa ban ji ba. Ki dai zo mini da man zafi na gwiwa, don durƙuson ya fi maganar wuya.

Zan tsaya nan. Inuwa ta kusa komawa gindin katanga, kuma ina jin sa yana tambayar inda aka sa masa hula.

Naki,
Mijinyawa